Tana da Ciki

Sai mai karatu ya yi mini uzuri, don shekaru sun ja, kuma abin da yaro ya gani ba lallai ba ne ya zama abin da ya faru. Wataƙila na haɗa damina biyu na mai da su ɗaya. Abin da ban yi shakkarsa ba shi ne warin albarushi. Har yau in aka ƙyasta ashana kusa da ni, sai in tuna zauren kakanmu a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Roni.

Kaka maharbi ne. Bindigarsa irin ta toka ce, wadda ake ɗurawa ta baki, aikin wani maƙeri da ya rasu tun kafin a haife ni. Lokacin da na yi wayo hannunsa ya fara rawa, birai kuwa ba su san tsufa ba. Da gyaɗa ta fara nuna sai su sauko daga dutse su yi ta tono. Don haka ya fara koya wa Baffa, ƙanen mahaifina, wanda bai daɗe da yin aure ba.

Koyon ya ɗauki lokaci, ina jin ya kai wata biyu. Kaka ba ya yarda da gaggawa. Baffa zai zuba albarushi ɗan kaɗan daga ƙaho, ya danna, su tafi bayan gari ya harbi tsohuwar ƙwarya da aka kife a kan suri. In harbin ya faɗi ƙasa, washegari a ƙara ɗan mitsitsi. In ta yi ƙara fiye da kima ta bugi kafaɗa, a rage. Kaka yakan ce kowace bindiga da cikinta, kuma wanda ya ƙoshar da ita da yawa shi za ta yi wa amai. Doka ɗaya ya kafa: da yunwa take kwana. Ba a rataye ta a zaure da ɗuri.

Ni kuwa tsakanina da shi sai wasa, irin na kaka da jika. Ɓarawon matata yake kirana, wai ina zagaya ɗakin kakarmu don ɗumame. Rabin abin da yake gaya mini tsokana ce.

Ran da abin ya faru, da sassafe Kaka ya ji kukan birai, ya ɗura bindigar da kansa. Kafin ya fita sai ga mai babur da saƙon rasuwa daga Gwiwa. Baffa yana fadama. Kaka ya rataye ta, ya sa hula, har ya hau ya sake waiwayowa.

"Kai, ɓarawon matata! In baffanka ya dawo ka ce masa na ce tana da ciki. Ka ji ko?"

Na ce na ji.

Shekarata tara, ko goma. A duniyata wadda za ta iya yin ciki a gidan nan ɗaya ce, amaryar Baffa, kuma na riga na ji mata suna ƙus-ƙus a kanta. Wane yaro ne zai tsaya gaban baffansa ya faɗi wannan magana, a kan cikin fari kuma? Na ɗauka tsoho ne ya haƙa mini rami in faɗa a yi dariya. Har daɗi na ji cewa na gano shi.

Da hantsi Baffa ya shigo da gudu, ya ce birai sun cika gona. Ina zaune a zauren ya sauko da bindigar. Ya san da yunwa take kwana, sai ya yi mata nasa ɗurin a kan na Kaka. A gabana. Har ya dube ni ya ce, "Yau tsoho zai san ya yi ɗalibi."

Ƙarar da muka ji ba irin wadda muka saba ba ce. Bututun ya tsage. Aka kai shi asibiti a Kazaure, ya dawo babu yatsu uku na hannun dama. Shi ne mai yi wa rabin ƙauyen ɗinkin hula, kuma bai sake riƙe allura ba.

Da aka taru ana jaje, Kaka ya ce, "Laifina ne. Na ɗura na tafi ban bar sallahu ba." Bai dube ni ba. Bai kuma sake kirana ɓarawon matarsa ba har ya koma ga Allah, kuma ban san ko fushi ne ko tausayi ba.

Na yi makaranta, na gama jami'a, na yi ta rubuta wa mutane rahoto a ofis, amma wannan jimla ɗaya ta gagare ni isarwa. Sai shekaru biyu da suka wuce na je na durƙusa gaban Baffa. Gonar ma an sayar, biran sun ƙaura, samarin ƙauyen ba wanda ya san wannan kalma ta maharba. Na faɗa masa komai. Ya daɗe yana juya carbi da yatsu biyun da suka rage.

"To ai da ma tana da shi," in ji shi, ya nuna ɗakin matarsa da haɓa, ya yi 'yar dariya. Sannan ya ce, "Tashi, ɗana. Tsoho ya gaya mini tun ina kan gadon asibiti. Ya ce in bar ka ka girma."

Baffa ya rasu bara. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Kaka. Ni dai ban sani ba ko gaskiya ya gaya mini, ko kuwa sauke mini kaya ya yi kamar yadda mahaifinsa ya yi. Idan akwai wanda ya yi jinyarsa a Kazaure, ko ya zauna a zauren nan ranar jaje, ina roƙonsa ya gyara mini inda na kuskure. Ko gyaran zai yi mini ciwo, ya aiko. Kada ya ji kunya ya riƙe saƙon.