Ƙarfen Ja-Numfashi

Shekara ashirin da uku yana ɗaukar hoton ƙirji a wani ɗaki marar taga da ke ƙarshen barandar asibiti. Sunansa na yanka ya ɓace tuni. Kowa Ja-Numfashi yake ce masa, don maganar da ya fi yi ke nan a duniya. Ko matarsa, in ya ɓata mata rai, da shi take kiransa.

Mutum ne mai kunne. Kafin majinyaci ya tuɓe riga, ya gama sauraron tarinsa. Akwai ɗan ƙarfe da ake mannawa a saman hoto don a gane ɓangaren dama. Shi kuwa in tarin bai kwanta masa ba, sai ya sauko da ƙarfen ƙasa, don likita ya fara duba wannan hoton. Tsohon likitan kaɗai ya san sirrin, shi kuma ya rasu.

Bara waccan masu bincike suka zo daga jami'a, suka kwashi dubban hotunansa, suka koya wa kwamfuta gane cutar huhu. Ta kuwa iya, har su kansu suka yi mamaki. Aka rarraba ta zuwa ƙananan asibitoci inda babu likita. Ja-Numfashi ya dinga hura hanci, wai ɗalibarsa ce.

Rannan 'yarsa ta fari, da ke aure a wani gari, ta kira shi. Yana jin tarinta ya tambaye ta:

"An yi miki hoto?"

"An yi, Baba, wata huɗu ke nan. Na'ura ta ce lafiya lau, sanyi ne."

Wannan ba tarin sanyi ba ne, ya sani. Washegari ya sa wata nas ta ɗauki hoton ƙirjinsa sau biyu, ɗaya da ƙarfen a sama, ɗaya a ƙasa. Na farko kwamfuta ta ce garau. Na biyu ta ce a gaggauta magani.

Ya kai wa shugabar masu binciken. Ta daɗe tana kallon hotunan.

"Baba, ashe ba huhu take dubawa ba. Ƙarfenka ta koya."

"Ba ku taɓa tambayarta abin da take gani ba?"

"Ba ta faɗa. Har yau an rasa yadda za a sa irinta ta bayyana dalilinta na gaskiya. Amsa kawai take bayarwa."

"Asibiti nawa ke aiki da ita?"

"Arba'in da ɗaya."

Duk cikinsu a sama ake manna ƙarfen, kamar yadda ake koyarwa a makaranta. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya fita baranda, ya kira 'yarsa. Mijinta ne ya ɗauka.

"Baba, ba ta iya magana yanzu. Tun jiya take tofar da jini. Amma ta ce kada a tayar maka da hankali, ai na'urarka ta duba ta."