Kalmar da Na Hana Yayana

Har na haura shekara arba'in ina da yaƙinin cewa kulle abu tsakanin 'yan'uwa cin mutunci ne. A kan haka aka tarbiyyantar da mu a gidanmu na cikin Birnin Zariya, kusa da Ƙofar Galadima. Abin da ƙane ya mallaka na wansa ne, kuma wa ba ya roƙo, aikowa kawai yake yi a ɗauko. Babur ɗina da babbar rigar Sallata sun sha fita daga ɗakina ban sani ba, ban kuwa taɓa jin zafi ba. Da na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka, ita ma ta bi wannan sahu. Babban wanmu, wanda ya gaji kujerar mahaifinmu a zaure, da ita yake duba sha'anin fanshonsa. Duk shafin da na taɓa shiga, burauza, wato manhajar shiga intanet, ta riƙe kalmar sirrinsa, saboda haka wanda ya buɗe murfin kwamfutar ya buɗe ni gaba ɗaya. Na san da haka, ban damu ba.

Autarmu ce ta sauya lissafin. Malamar firamare ce, tana zaune a Tukur-Tukur da 'ya'yanta tun bayan rasuwar mijinta. Wata Asabar da hantsi ta same ni a ɗaki, ta zauna a bakin tabarma, ta ce likita ya ga wani ƙulli a ƙirjinta, kuma asibitin ta imel yake aika sakamako. Wayarta kullum tana hannun yara, don haka tana so in buɗe mata imel a kwamfutata.

"Amma Yaya, don Allah kada Yaya Babba ya ji. Sai an gama."

Ban tambaye ta dalili ba, domin na san shi. A gidanmu rashin lafiya ba ta mai ita ba ce. Da zarar labari ya isa zaure, manya suke zama su yanke inda za a kai mutum da abin da zai sha. Gwaggonmu ta yi irin wannan ciwo, zaure ya ce ba za a sa mata wuƙa ba, aka yi ta jiƙe-jiƙe har ƙasa ta rufe idonta. Ba mugunta ce ta sa su ba, ƙauna ce da tsoron asibiti. Amma Auta ta riga ta zaɓi tiyata, ta kuma san ba za ta iya musu da Yaya Babba ido da ido ba.

A ranar na goge duk abin da burauza ta riƙe. Na liƙa mata wata 'yar ƙaramar manhaja da wani abokin aikina ya taɓa nuna mini, wadda take tara kalmomin sirri a rumbu ɗaya ta kulle su da babbar kalma guda. Na zaɓi irin wadda ba ta aika komai intanet: rumbun yana cikin kwamfutar kaɗai, babu kamfanin da zai tuna maka idan ka manta. Manhajar ce ta ƙirƙiro wa imel ɗin Auta kalma mai tsawo, haruffa da lambobi a cakuɗe, wadda ni kaina ban haddace ba. Babbar kalmar kuwa tana cikin kaina.

Ba a daɗe ba wata maƙwabciya ta ga Auta a layin asibiti, magana ta zagayo gida. Yaya ya tambaye ta, ta ce ciwon kai ne. Bai yarda ba. Ya aiko aka ɗauki kwamfutar kamar yadda aka saba, ya buɗe shafin imel, sai ga adireshi mai sunanta a ƙarƙashin nawa, amma wurin kalmar sirri fayau, ga ɗan akwati yana neman babbar kalma.

Bayan La'asar ya sa aka kira ni zaure. Ƙannen mahaifinmu biyu suna zaune, ga kwamfutar a kan buzu.

Yaya ya dube ni ya ce cikin gatse, "Malam Bature, zo ka buɗe mana asusunka. Yaushe muka fara kwana da kwaɗo a gidan nan?"

Na durƙusa na gaishe su, na ce, "Yaya, shafin fanshonka zan buɗe maka yanzu. Wancan kuwa ajiya ce, ba nawa ba ne."

"Ajiyar wa? Yarinyar da na goya a bayana? Ni na aurar da ita, kai kana makaranta kana cin wake da shinkafa!"

"Haka ne, Yaya."

"To buɗe."

"Ba zan buɗe ba."

Ban taɓa faɗa masa wannan jimla ba tun da aka haife ni, har sai da na ji baƙuncinta a bakina. Ɗaya daga cikin baffannin ya tafa hannu ya yi salati. Ɗayan ya ce wannan shi ne amfanin jami'a, a tura yaro ya dawo yana yi wa wansa rowar haruffa. Yaya ya rufe murfin, ya ce akwai masu gyara a Sabon Gari, za su fasa ta kafin Magariba. Na ce masa iyakar abin da za su iya shi ne su shafe komai, ciki har da kalmomin aikina na ofis, domin ba ni da kwafinsu a ko'ina. Na ce idan ya ga dama a shafe, na yafe.

Ya tafi da kwamfutar sashensa. Ban san ko ya kai ta wurin masu gyara ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na sani shi ne manhajar ta yi mini abin da ta yi masa: ba tare da kwamfutar ba, ni ma ba ni da hanyar shiga imel ɗin Auta. Ranar tiyatar kuwa ta nan za a aiko. Sai muka shiga keke mai ƙafa uku ni da ita, muka je asibitin, muka bi layi tun safe har rana ta take, aka faɗa mana ranar baki da baki. A ofis na sha kunyar neman a sabunta mini shiga shafuka ɗaya bayan ɗaya. A gida matan sashen Yaya suka daina amsa gaisuwar matata da sakin fuska.

Na sha tambayar kaina ko Auta kaɗai nake karewa, ko kuwa akwai wani daɗi da na ji na mallakar abu guda da Yaya ba zai iya aikowa a ɗauko ba. Ina jin akwai. Wannan bai sa na ga kuskure a abin da na yi ba. Jikinta ne, ita aka yi wa bayani, ita ta zaɓa, ta kuma ba ni amana da bakinta. Girman wa a wuyana yake har gobe, amma bai kai ya buɗe abin da ba ni na mallaka ba. Da za a sake kirana zauren nan, amsar da zan bayar ke nan.

An yi tiyatar a ranar da aka sa. Da ta farfaɗo ta iya magana, ita da kanta ta ce a kira Yaya. Ya zo da kwandon lemo, ya zauna a gefen gadonta yana share ido da hannun riga, bai dube ni ba. Washegari aka dawo mini da kwamfutar, ba a shafe komai ba.

Tun daga lokacin Yaya bai ƙara aikowa a ɗauki wani abu nawa ba. Idan yana buƙata, sallama yake yi a ƙofar ɗakina ya tambaya.