Ranar da Ordinatar Ta Yi Aiki da Sunana

Shekaru da dama na yi ina sakatare a wata lakwal, wato makaranta, mai zaman kanta a unguwar Kara-Kara a Damagaram. Da farko a rajista nake rubuta makin yara, daga baya direkta ya sa aka gina mana shafi a intanet, malamai su shigar da maki, iyaye su duba daga gida. Wanda ya gina shi ya ce ya sa masa kariya: kowane umarni sai ya zo da lambar sirri, ba mai iya cusa komai daga waje. Muka yarda.

Wata shekara, gab da jarrabawa, ƙanwar matar direkta ta zo hutu Damagaram. Injiniya ce a Yamai, mace mai sanyin magana. Direkta ya roƙe ta ta duba mana shafin. Ta zauna gefen teburina da ƙaramar ordinatar ɗinta, wato kwamfuta, ta sa na ƙirƙiri ɗalibin gwaji na ba shi huɗu bisa ashirin a lissafi. Ba ta tambaye ni kalmar sirrina ba.

Da hantsi ta ce, "Malam, bar shafin lakwal a buɗe. Zan turo maka saƙo."

Hoton rago ne, balami fari, wai na sayarwa. Na latsa, na kalle shi, na ce lallai ya ci dusa.

"To, koma ka duba ɗalibinmu."

Huɗun nan ta zama goma sha tara. A ƙasa, inda ake nuna wanda ya canza, sunana ne, da minti ɗin da nake kallon rago. Na dubi hannuwana. Na ce, "Ikon Allah."

Ta ce, "Tun da ka shiga da safe ordinatar ɗinka take riƙe da shaidarka, duk abin da ta kai wa shafin da ita take kai shi. Ban sace shaidar ba. Umarni na ɓoye bayan hoton, ita ta kai da sunanka."

Direkta ya matso. "Ina lambar sirrin da aka ce mana?"

"Tana nan, Yaya. In aka kawo ta ƙarya, shafin yana ƙi. In kuwa ba a kawo komai ba, ba ya tambaya. Cire ta na yi gaba ɗaya."

Na daɗe ina juya wannan magana. Ashe mai gadinmu takardar jabu kawai yake tarewa, wanda ya zo hannu rabbana sai ya wuce.

Aka kira maginin shafin. Ya zo yana musu, ta maimaita a gabansa, ya dafe kai. Tare suka gyara, layi kaɗan ne, kafin azahar an gama. Ta sake turo ragon, na latsa, makin bai motsa ba.

Sai na tuna da wani malamin tarihi. Shekara guda kafin nan aka ga makin wata yarinya ya ƙaru, sunansa a ƙasa. Ya rantse bai taɓa ba, ni kuma na buga takardar da ke nuna sunansa na ajiye a gaban direkta, aka yi masa gargaɗi a gaban malamai. Na tambaye ta ko hakan ne ya faru da shi.

"Ban sani ba, Malam," ta ce. "Amma sunan nan kaɗai ba hujja ba ne."

Bayan la'asar na hau babur na tafi gidansa. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran redio. Na ba shi labarin tun daga farko, na nemi gafararsa. Ya saurara har na gama, ya ce ya yafe tun tuni, sannan ya ce in sake yi masa bayanin lambar nan, a hankali, don bai gane yadda rashinta ya fi ta ƙarya wucewa ba.