Jan Dutsen Sabil

Ni ban gama sakandare ba, zama wuri ɗaya ba ya yi mini. A nan Jidda na yi wankin mota a Bagdadiyya, na yi dakon kaya a Balad, duk ba inda na daɗe. Warshar marmara, wato shagon yanka dutse, da ke bayan unguwarmu Nuzla ce kawai ta riƙe ni, kuma ba son aikin nake ba. Tsohon da ke yankan dutse a can ne ya riƙe ni, wani Bafalasɗine da kowa ke ce wa Usta, ni kuma Ammu nake ce masa, wato baffa. Bakinsa ba ya shiru, ni kuma ba na gajiya da ji.

A lokacin akwai abin da ke cina a rai. A unguwarmu akwai mutumin da muke ce wa Wakili. Bahaushe ne irinmu, a Nuzla aka haife shi, kakanninmu tare suka zo aikin hajji suka zauna. Wani kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙi a takarda, mai kamfanin gyaran gine-gine, ya ɗora shi a kan samarin unguwa. Shi ke kawo ma'aikata, shi ke riƙe fasfo, shi ke cewa wane a sabunta masa iƙama, takardar zama a ƙasar, wane a bari. A gaban kafili kansa a ƙasa yake. In ya shigo lungunmu kuwa, sai ka ce shi ya gina Jidda.

Yayana ya yi masa gardama a gaban mutane, a kan ya hana su hutun Juma'a. Gardamar ke nan, ba zagi, ba duka. Wakili ya je ya kai rahoton cewa Yaya ya gudu daga aiki, alhali yana kan tsani yana fenti. Aka kama shi, aka tura shi Kano, garin da bai taɓa gani ba, shi da rabin Hausarsa Larabci ne. Ummi, mahaifiyarmu, ta je ƙofar gidan Wakili ta zauna tun hantsi har la'asar. Ya aiko a ce mata yana barci.

Wata rana aka kawo mana jan marmara. Usta ya shafa shi da tafin hannu ya ce, "Ya waladi, irin wannan launin na tono a garinmu."

"Ammu, kai da kake yanka dutse, yaushe ka koma tono?"

Ya ce kusa da ƙauyensu, gabas da Baitu Lahm, akwai wani tudu kamar an kife ƙwarya aka sare samanta. Ba haka Allah ya halicce shi ba, wani sarki ne ya sa aka tara ƙasa. Sarkin Yahudawa ne na zamanin Rumawa, kuma ba jama'arsa suka zaɓe shi ba, Rumawa suka naɗa shi ya riƙe musu ƙasar. Ya gina birane ya sa musu sunan sarkin Rum don faranta masa. Nasa mutanen kuwa ya matse su, har matarsa da 'ya'yan cikinsa bai bari ba.

Na ce, "Ai na san shi. Yana nan bayan masallaci, farar mota gare shi."

Usta ya yi dariya har da tari. "Uskut, yi shiru, shaiɗan! Bari in gama."

Ya ce ya taɓa komawa gida ya daɗe, lokacin masu haƙo kayan tarihi suna aiki a tudun, ya shiga cikin masu kwasar ƙasa. A gefen tudun aka samu kabarin sarkin. Akwatin gawar na jan dutse ne, an sassaƙa masa furanni, amma ba a same shi ɗaya ba. Gutsattsari aka yi ta tsinta, wasu ba su kai tafin hannu ba.

"Ɓarayi ne?"

"Ɓarawo murfi yake ɗagawa ya kwashe ya gudu. Wa ke da lokacin daka dutse? Wannan mutum ne ya zo da guduma ya zauna. Masu haƙon sun ce jikokin waɗanda sarkin ya zalunta ne, bayan ya daɗe da mutuwa."

Ranar ban iya aiki ba. Ina goge dutse ina tunanin mutumin nan mai guduma. Bai taɓa ganin sarkin ba, labari kawai kakarsa ta ba shi, amma ya hau tudu a rana ya zauna ya yi aikinsa. Na dami Usta da tambaya. Wace irin guduma? Daga ina ya fara, murfi ko gefe? Abu ɗaya ya ɓata mini rai, da ya ce masu haƙon sun tattara gutsattsarin sun liƙe, yanzu har zuwa kallo ake yi.

Na ce, "To ai mai gudumar bai iya ba. Da ya kwashe."

Wakili ya mutu lokacin zafi, ciwon ƙoda. Na bi gawar, ba don komai ba sai don in gani da idona. Kabari a Jidda ba suna, ba gini. Rami ne, sai ɗan dutse a wajen kai, gobe ko 'ya'yanka sai sun yi tambaya. Na tsaya ina kallo ana tura ƙasa, na ce a raina, halas, shi ke nan, an shafe ka.

Ashe da saura. Tun da ba a rubuta suna a kabari, masu hali sabil suke yi, wato injin ruwan sanyi a bakin titi, da allo a samansa ɗauke da sunan mamaci, duk wanda ya sha ya yi masa addu'a. Babban ɗan Wakili ya zo warsharmu da kansa. Jan marmara yake so, rubutu da ruwan zinare. Wurin da ya zaɓa kuma bakin lungunmu ne, daidai inda Ummi ke bi in za ta kasuwa.

Ya gan ni ya ce, "A'a, ɗan uwa, nan kake? To ka gyara wa Kawunka da kyau."

Na ce, "In sha Allah, zai ga gyara."

Ni na ba da shawara a yi allon gida biyu. Na sama siriri, Bismillah da ayar ruwa. Na ƙasa babba, sunansa da "ku yi masa addu'a". Na ce haka ya fi kyau a ido. Usta ya kalle ni ta saman tabarau. Ni na je na liƙa. Na sama na cika masa gam har yana tsiyaya, na ƙasa kuwa ɗigo-ɗigo na sa a kusurwa.

Ummi ta daina bin bakin lungu. Sai ta zagaya ta bayan gareji, da ciwon gwiwarta, cikin ranar nan. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Bakina ya saba. In na ga sunan mamaci, 'Allah ya jiƙansa' fita yake kafin in tuna. Ba na so ya fita, ba na kuma so in riƙe shi."

Wannan maganar ce ta ƙarasa ni.

Bayan azahar na je, lokacin da ko kyanwa ba ta fitowa. Na san in aka gan ni, jirgin da ya ɗauki Yaya ni ma zai ɗauke ni. Na sa kurfin sassaƙa a ƙasan babban allon na danna, ya taho kamar yana jirana. Ban taɓa na sama ba, ban taɓa famfo ba. Na sa shi a buhun siminti na saɓa.

A bayan warsha na zauna da guduma. Sa'a ɗaya, babu sunan Allah a cikin sunansa, na duba tun ranar da aka kawo. Daga harafin farko na fara. Na daka, na juya, na sake dakawa, har ya koma kamar tsakuwar shinkafa. A warsharmu ɓarɓashin marmara ba a zubarwa, cikin siminti ake kwaɓa shi a yi tayil ɗin daɓe mai ɗigo-ɗigo. Na juye nawa a cikin kwaɓin ranar.

Da tayil ɗin ya bushe aka goge, sai ga ɗigon ja, wani wurin da ƙyallin zinare. Usta ya ɗaga guda ɗaya ya kai shi hasken ƙofa ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba mai liƙawa," ya ce.

"Ina za a kai su, Ammu?"

"Wani gidan abinci a Aziziyya. Bakin wurin wanke hannu." Ya ajiye. "Yalla, ɗauko na gaba."

Ɗan Wakili ya yi ta faɗa a unguwa, ya ce 'yan gwangwan ne. Ya ce zai sake wani, har yau bai zo ba.

Bayan 'yan kwanaki na raka Ummi kasuwa ta bakin lungu. Ta tsaya, ta kalli tabon gam a bango, ta kalle ni. Ta ɗauki kofin ta tara ta sha.

"Ka san dai ladan ruwan yana isa gare shi," ta ce. "Allah ba ya neman allo."

Na ce, "Ya je da ladan ruwan, Ummi. Addu'arki ce ba zai samu ba."

Ta miƙo mini kofin, ta ce in kira mata Yaya in mun koma gida. Ruwan da sanyi. Na sha, ban yi masa addu'a ba.