Gilashin da Inna Ta Rufe da Zane

Shekarun baya kaɗan, ranar da likita ya ja ni gefe ya ce ciwon Inna ya wuce inda magani ke kaiwa, na ƙudurta abu ɗaya a raina: kafin Allah Ya yi ikonSa, sai na ga matar nan ta miƙe ƙafa an yi mata hidima. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani mustashfa, wato asibiti, a nan Jidda, na san ma'anar likita ya sauke murya. Tun tasowata a unguwar Sa'alaba ban taɓa ganin mahaifiyata zaune haka kawai ba. In ba ta suyar gyaɗa, to tana ƙulla ta a leda.

Sai na fasa asusuna na kama mana ɗaki a wani tsibiri can arewa cikin Bahar Maliya, irin wuraren da a da sai dai in gani a waya in ce Allah Ya ba mu. Ni a dole 'yar albarka. Har sabuwar abaya na ɗinka saboda hoto.

Akwai abin da ya kamata in lura da shi, amma kaina ya yi zafi. Inna ta tsufa a Jidda ba ta taɓa taka Kornish ba, wato bakin teku inda ake zuwa shan iska. Duk Sallah sai ta ce mu je, ƙafarta na ciwo. Kifi kuwa ko a tukunyarta ba a dafa shi. Mu yaran gidan mun ɗauka ƙauyanci ne, muna tsokanarta tana murmushi.

Daga filin jirgi aka sa mu a ƙaramin jirgin ruwa zuwa tsibirin. Ta runtse ido, ta damƙe carbi har muka sauka. Na ce jiri ne, na miƙa mata lemun tsami.

Wurin kam ya haɗu, ba a magana. Yashi fari tas, ruwa shuɗi garau, ma'aikata sai sunkuyawa suke kamar mun haifi sarki. Ɗakinmu a kan ruwa aka kafa shi bisa turaku, a tsakiyarsa kuma an yanke ƙasa an sa gilashi, kana tsaye kifaye na wucewa ƙarƙashin ƙafarka. Na haye kai ina juyi ina ɗaukar bidiyo. Inna ta tuɓe takalmanta tun daga bakin ƙofa, ta bi jikin bango a hankali har ta kai gado.

Da na fito daga wanka sai na tarar ta shimfiɗa zanenta a kan gilashin. Na yi dariya na yaye. Na je karɓo abinci, na dawo, ta sake rufewa. Ni kuwa Allah Ya yi ni da saurin hawa. Na ce mata don wannan gilashin fa mutane ke tahowa daga ƙarshen duniya, ni na gaji, duk abin da na yi mata ba ya burge ta. Ta bar ni na zazzage tas, sannan ta ce,

"'Yar nan, ba a taka kan mamaci."

Na ce wane mamaci kuma, Inna? Ta nuna min gefen gado na zauna.

Na san ita da Baba, Allah Ya jiƙansa, daga Sudan suka tsallako suna matasa, da niyyar aikin hajji. Abin da ban sani ba, su uku ne. Ta ce jirgin katako ne, an cika shi maƙil, rana na dukan su, ruwan sha ya yi ƙaranci. Tana goye da yaro namiji, ko yaye ba a yi masa ba. Gudawa ta kama shi a hanya. Ta ce ta ji lokacin da ya yi nauyi a bayanta, ta gane, amma ta ja bakinta ta ƙara ɗaure majanyi, tana fatan su kai tudu a samu ƙasar da za a sa shi. Wata mata da ke kusa da ita ce ta taɓa ƙafarsa ta yi salati. Maza suka yi masa sallah a tsaye cikin jirgi. Babu likkafani, sai Baba ya yage rabin haraminsa aka naɗe shi, aka sauke shi cikin ruwa.

"Ke ba ki taɓa tambayar kanki ba," in ji ta, "me ya sa nake kiran sunanki gatsal?"

Ni duk tsammanina ni ce 'yar farinta. Kowa ya san Bahaushiya ba ta kiran sunan ɗan fari. Matan unguwarmu sun sha yi mata tsiya, wai zaman Jidda ya cinye mata kunya, ni kuma har alfahari nake wai uwata wayayya ce. Ashe kunyar na nan daram, mai ita ne ba ya nan.

Na yi kuka har na ba kaina haushi. Na ce halas, yalla, mu tattara mu koma gida yau. Ta ce a'a. Tunda na kawo ta har ƙofar ɗakinsa, ba za ta juya ba ta zauna ba.

Sauran kwanakin a baranda ta yi su. Bayan la'asar sai ta sa in ja mata kujera, ta fuskanci yamma, wajen Sudan, leɓɓanta na motsi. Abincin da ake jerowa kala-kala, shayi da burodi kawai take taɓawa. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tambaye ta sunansa. Ta kau da kai kamar amarya, ta ce, "Ke ma kin san ba zan iya ba." Ban ƙara tambaya ba, na ce a raina akwai lokaci.

Ranar da za mu tafi na shigo na same ta durƙushe, ta ɗage gefen zanen da kanta. Hantsi ya ratsa ruwan har ƙasa, ana ganin yashi, ƙananan kifaye rawaya na ta kai-komo. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba,

"Ashe wurin da haske. Ni duk zamana duhu nake gani."

Ta ninke zanen ta sa a jaka. A jirgin dawowa idonta a buɗe yake.

Ba ta ga azumin shekarar ba. Sunan kuma da shi ta tafi, don Baba ya riga ta, kuma babu wanda ya rage cikin waɗanda suka shiga jirgin nan. Har yau ban san ko hutun da na so ba ta na ba ta ba. Na dai san na kai ta ziyarar da ta yi shekaru tana tsoro, ni kuma ina tsammanin yawon shan iska muka je.

A nan mata ba ma bin gawa maƙabarta. Ƙannena maza ne suka kai ta, ni iyakata bakin ƙofa. Shi ya sa wani lokaci in na tashi daga aiki nakan tsaya a Kornish, can inda babu hayaniya, in tuɓe takalmi. In yi wa Inna addu'a, sannan in fuskanci ruwa in yi sallama. Ba ni da sunan da zan kira, sai dai in ce Yaya.