Gemun Alhaji Ɗantsoho

Alhaji Ɗantsoho dillalin raƙuma ne a Maigatari, amma da minshari aka fi saninsa. Yana cikin barci numfashinsa zai ɗauke, sai matarsa Safiyatu ta zungure shi.

Ana sabuwar Jihar Jigawa ƙanensa ya aiko masa da na'urar hura iska daga Jidda, mai robar rufe hanci da baki, ta sawa lokacin barci. Iskar ta riƙa zurarewa ta gemunsa. Ya ƙara mata ƙarfi, cikinsa ya kumbura, ya dinga tsine wa na'urar. Da ƙyar ya bari wanzami ya aske gemun da yake tattali tun hajjinsa, iskar ta daina zurarewa.

Alhaji ya samu barci, shiru. Safiyatu ce ta daina runtsawa, don dā minsharin ne ke gaya mata yana da rai.