Alƙalamin Ya Ce Ruwan Lafiya Lau

Assalamu alaikum. Wata huɗu ba ku ji ni ba, har wasu suka ɗauka na koma Damagaram. Ina nan Sabha ta Libiya, ciwo ne ya kwantar da ni.

Ruwan pampo na unguwarmu Mahdiya gishiri gare shi, shi ya sa maigidana ya sa mana injin tace ruwa a kicin. Ya haɗo da wani abin awo kamar alƙalami, a tsoma shi a kofi ya nuna lamba. In lambar ƙarama ce, wai ruwa ya yi kyau.

Ni na fara jin wari a ruwan. Na faɗa masa. Ya tsoma alƙalami ya nuna mini: "Hadiza, dubi lamba. Hancinki ya fi na'ura ne?"

Sau uku ina faɗa, sau uku ana tsoma alƙalami. Na ci gaba da sha, ga cikin wata biyar. Shi yana wurin gini, can yake shan nasa.

Sai zazzaɓi, sai amai da gudawa. Kwana tara na yi a asibiti, ƙarin ruwa leda bayan leda, kullum a ɗebi jini a kai tahlil, wato gwaji. Taifot ne. Na ji tsoro ƙwarai.

A kwana na huɗu cikin ya zube. Namiji ne.

Maigida ya kawo wa likita alƙalamin, wai shaida. Likitan ya juya shi ya ce, "Wannan gishiri kawai yake aunawa. Ba ya ganin ƙwayar cuta." Da aka buɗe tankin da ruwan ke taruwa bayan tacewa, cikinsa duk yauƙi.

Ya nemi gafara, na ce na yafe. Har yanzu zuciyata ba ta bi bakina ba.

Alhamdu lillahi na miƙe. Na gode wa Inna Rabi maƙwabciyata da ta yi jinyata, da ku masu addu'a.

In za ku sayi abin awon nan, ku tambayi mai shago me yake aunawa, me ba ya aunawa. Ku riƙa wanke tanki, ku canza matatar injin a kan lokaci, ku kai ruwan a gwada shi a ɗakin gwaji. In mai shan ruwan ta ce yana wari, ku tafasa.

Jiya na tsoma alƙalamin a ruwan da na wanke tankin da shi. Ya ce lafiya lau.